Ragar da Ba a Taɓa Yanka Ba

Tsibirin Morlan,
farkon Afirilu.

Zuwa ga 'yata Mererid,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Rhodri da angona Macsen. Yaya tarin nasa? Ki gaya masa in ya ƙi shan magani zan nemi wani mijin a nan cikin masunta. Ni lafiyata lau, na faɗa da wuri don na san abin da idonki zai fara nema ke nan.

Wasiƙarki ta zo a jirgin kayan abinci, tare da burodin zabibin da kika gasa. Burodin ya yi daɗi. Wasiƙar kuwa sai da kika gama zagaye-zagayenki kaf, kika ba ni labarin lambu da na maƙwabta, sannan a can ƙasa kika saƙa abin da ya sa kika ɗauki alƙalami: kin rubuta wa kwamitin gidan nazarin tsuntsayen nan cewa hannun mahaifiyarki ya fara rawa. Mererid, ni kika kai ƙara? Don kawai kin ga shayi ya zube a teburinki ranar Kirsimeti? Na ji haushi, kuma har yanzu ina ji, ba zan ɓoye miki ba.

Ga abin da takardarki ta haifar. Za su turo Emlyn Prydderch a watan Mayu ya tsaya a kaina ya ga yadda nake cire tsuntsu daga raga. Emlyn fa, wanda ni na koya wa riƙon kan tsuntsu tsakanin yatsu biyu tun gemunsa bai fito ba. In ya ce ban iya ba, za su karɓe izinina na sa zobe. Kin kuma san dokar gidan nan: gado na mai aiki ne. Wanda ba shi da aiki a tsibirin, jirgin da ya kawo madara shi zai mayar da shi.

To ki sani, riƙon kofi daban, riƙon tsuntsu daban. Tun kina goye nake wannan aiki. In kafa raga da asuba, in cire ɗan baƙon da ya faɗa, in ɗaura masa zobe a ƙafa da filaya, in auna fiffikensa, in buɗe hannu ya wuce. Ragar mahaifinki ta ƙarshe ita nake kafawa a bayan ɗakin ibada, kuma tana nan yadda Caradog ya bar ta, ko zare ɗaya ba a yanke ba. Kin sha jin sa yana cika baki da wannan. Kowane mai zobe yana da ɗan almakashi a aljihu saboda tsuntsun da ya harɗe, amma wanda ya zaro shi ya faɗa wa duniya yatsunsa sun gaza. Nawa har ya yi tsatsa. Emlyn ya zo ya duba.

Abokin zamana bana ma Idwal ne, tsohon nan mai tarkon malam-buɗe-littafin dare. Ni asu nake kiransu don in ɓata masa rai. Yana nan da akwatinsa mai fitila da kwalayen ƙwai a ciki, kullum da safe ya durƙusa yana ɗaga kwali ɗaya-ɗaya kamar mai neman kwabon da ya ɓace. Jiya na ce masa, "Idwal, namiji har namiji, ka ƙare a kiwon abin da ke cinye riguna?" Ya ce, "Hajiyar tsuntsaye, naki baƙin ko sallama ba sa yi miki, kashi suke bar miki a hannu su tafi." Haka muke.

Ki gaida Rhodri. Ki daina rubuta wa mutane takarda a kaina.

Mahaifiyarki,
Tegwen

*

Tsibirin Morlan,
ƙarshen Afirilu.

'Yata Mererid,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da tarin angona ya sauka. Hoton da ya zana mini na tsuntsu mai ƙafa huɗu yana manne a jikin bango, Idwal ya ce sabon nau'i ne, a sanar da kwamiti.

Ɗaya hoton kuma, na ɗakin da kuka yi wa fenti domina, na gani. Labule mai furanni, kujera a bakin taga, tagar tana kallon wurin ajiye motoci. Kin ce daga nan ma ana ganin tsuntsaye. Na gode. Tattabarun gari ba su taɓa ƙetare hamada ba, ba ni da abin da zan tambaye su.

Iska ta juyo daga kudu makon jiya, baƙi sun fara sauka. Tsattsewa sun dawo rumfar tumaki, sun tarar da sheƙarsu ta bara, suna ta surutu kamar sun bar wata ajiya an taɓa. Tsuntsayen telor kuma sun cika sarƙaƙƙiyar bayan gida, 'yan mitsi-mitsin nan masu launin ɗanyen ganye. In kika ɗora ɗaya a tafin hannu sai kin duba kafin ki yarda akwai wani abu a wurin, amma zuciyarsa tana bugawa har cikin ƙashin yatsanki. Daga Afirka suke, sun ratso rairayi da teku, su faɗo nan a rame, ƙirji duk ƙashi. Shi ya sa ba a wasa da lokacinsu. Ka cire, ka sa zobe, ka saki, ya je ya ci abinci. Kowace shekara in na riƙe na farko sai na ji ƙwalla, bana ma haka, kuma ba tsufa ba ne.

Kin tambaye ni in gaya miki gaskiya tsakanina da Allah. Gaskiyar ita ce da sanyin safiya hannun kowa yana yin nauyi. Ranar Talata wani telor ya ɗan daɗe a hannuna fiye da yadda na saba, sanyi ne. Rigar da kika ga na daina sawa kuwa maɓallanta ne suka yi ƙanana tun asali. In kin ga rubutun nan yana hawa yana sauka, ƙafar teburin ce ta gajarce.

Bari in ba ki dariya. Idon Idwal ya tafi, shi ne ya kamata a kai ƙara. Shekaranjiya na dawo daga raga na same shi ya ɗago kwalin ƙwai har yana taɓa hancinsa, yana kiran sunan wani asu da murna, wai bai taɓa kama irinsa a tsibirin ba. Daga inda nake tsaye na hango abin. Na ce, "Malam, wannan ai irin na jiya ne, mai baƙin tabo kamar sirdi a fiffike. Goge tabaranka." Ya goge, ya sake dubawa, ya yi tsaki. Ya ce, "Ke da ba kya son su, ya aka yi kika san su?" Na ce, "Shekara nawa kana cika mini kunne? Ko bango ne ai ya haddace." Ya ce wai in zo in riƙa duba masa. Na ce ranar da ya ga na durƙusa gaban kwalin ƙwai, ya aika a haƙa mini kabari.

Emlyn ya aiko cewa yana tafe da zarar teku ta kwanta. Na wanke jakunkunan tsuntsaye, na shafa wa filaya mai. Kada ki sayi zanin gado tukuna.

Taki,
Mam

*

Tsibirin Morlan,
tsakiyar Mayu.

'Yata Mererid,

Ina gaishe ki, ina gaida Rhodri, a shafa mini kan angona. Ina fatan wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Ki zauna kafin ki karanta, kuma ki karanta har ƙarshe kafin ki ɗauki waya.

Emlyn ya zo. Ya yi furfura, ya yi tumbi, amma har yanzu in zai yi mini magana sai ya cire hula. Ya kwana biyu ba abin kirki a raga, muna shan miyar rago, yana kauce wa kallon hannuna kamar wanda ya ga abin kunya. Ran nan kuma sai gari ya waye da yayyafi da iskar kudu maso gabas. Kin san ma'anar wannan, 'yar gidan nan ce ke. Yayyafin na ɗaukewa muka buɗe raga, tsuntsaye suka zubo. Kowane reshe motsi yake. Rabona da ganin sauka irin wannan tun mahaifinki yana da rai.

Na yi aiki, Mererid. Ina so ki san wannan. Na cire, na sa a jaka, na cire, na sa a jaka, Emlyn yana bina da kyar yana haki. Har na ce masa, "Yaro, in ka gaji ka je Idwal ya ba ka kwalin ƙwai ka riƙe." Ya yi dariya ya ce, "Anti Tegwen, ni dai Allah ya sa in kai shekarunki da rabin wannan ƙafar."

Sai muka iso ragar Caradog. A can ƙasa akwai wani telor da ya juya ya sake juyawa, zare ya naɗe masa fiffike, ɗaya kuma ya shige bakinsa ya maƙale a bayan harshe. Na sha cire irinsa. Ka buɗe bakin a hankali, ka sa tsinken ciyawa ka ɗago zaren ta baya, shi ke nan. Abin yana son hannu ya tsaya cik na ɗan lokaci kaɗan. Na buɗe bakin. Na kawo tsinken. Hannuna ya ƙi tsayawa.

Na ja numfashi na sake. Tsinken yana rawa a bakin ɗan tsuntsun nan, ina ganin zaren yana jan harshensa duk lokacin da yatsana ya motsa. Na yi wa hannun tsawa a zuciyata kamar yadda nake yi miki kina ƙarama, bai ji ba. Tsuntsun ya fara lumshe ido. Emlyn yana can ƙarshen ragar da wani a hannunsa, kafin ya sa shi a jaka ya zagayo, wannan ya wahala. Na tuna abin nan ya ƙetaro hamada da ƙirjinsa, ya zo ya faɗa hannun wata tsohuwa mai taurin kai.

Na zaro almakashin. Da kyar ya buɗe don tsatsa. Na yanka zare, na sake yankawa, na yi ta yanka har tsuntsun ya faɗo tafin hannuna, zaren ya zame daga bakinsa. Ban sa masa zobe ba. Na ɗumama shi a cikin rigata har ya fara harbin ƙafa, na buɗe hannu, ya faɗa cikin sarƙaƙƙiya. Na bar ɓula a ragar mahaifinki wadda kan Macsen zai shiga.

Da muka koma gida Emlyn ya ajiye hularsa a tebur, ya ce, "Anti, kowa yana yanka raga. Ni ma na yanka bara. Zan gaya musu ban ga komai ba sai ƙwarewa." Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ce, "Emlyn, ni na koya maka aikin nan, yaushe na koya maka ƙarya? Kai ka yanka don zare ya yi gardama. Ni na yanka don hannuna ya yi." Ya ce in bari zuwa baɗi a gani. Na ce a gani a bakin wane tsuntsun? Na ɗauko filayata da sauran zobban, na tura gabansa. Ya ƙi ɗauka, na sa masa a aljihu da kaina. Ya fita waje yana share hanci, wai iska ce.

Don haka kin yi gaskiya, 'yata. Na faɗa sau ɗaya, ki adana, ba za ki sake ji ba. Amma ki lura da kyau, ba takardarki ce ta karɓe filayata ba, ba kwamiti ba, ba Emlyn ba. Ni na ajiye. Na yi kuka a rumfar tumaki inda ba mai gani sai tsattsewa, na wanke fuska, na gama.

Na san yanzu kin fara lissafin ranar jirgi. Dakata.

Washegari da asuba na farka kamar kullum, ƙafata ta kai ni ƙofa, babu ragar da zan buɗe. Idwal yana durƙushe gaban akwatinsa. Na je na tsaya a kansa. Bai ɗago ba, ya ce, "In aika a fara haƙa kabarin ne?" Na ce, "Rufe mini baki ka ɗaga kwalin, makaho." Ya ɗaga. Hannunsa ko gezau, kamar an dasa. A ƙarƙashi akwai wani babban asu, mai ruwan hoda da kore, yana barci abinsa. Na faɗi sunansa, Idwal ya ce a'a, na ce ya shafa gefen fiffiken ya ji. Muka yi ta musu har shayi ya huce, kuma ni ce da gaskiya. Ba sai na taɓa ko ɗaya ba. Shi ya ɗaga, ni in duba in faɗa.

Emlyn ya tafi da saƙona ga kwamiti: tarkon nan aikin mutum biyu ne yanzu, mai hannu da mai ido. In sun kore ni, su san sun bar tarihin asun tsibirin nan a hannun mutumin da jiya ya gaida sandar shanya ya ce mata barka da asuba. Emlyn ya ce zai tsaya mini, kuma wannan karon ba ƙarya zai yi ba. Gado na mai aiki ne, ni kuwa ina da aiki.

Ɗakin nan mai labule, ki sa keken ɗinkinki a ciki. In an yi hutun makaranta ki kawo mini angona, ki haɗo da kwalayen ƙwai duk wanda kika samu, namu sun jiƙe. Ki zo da allurarki kuma. Akwai ɓula a ragar mahaifinki, mai zoben da za su turo zai buƙace ta, ni kuwa ba zan iya zura zare ba.

Mahaifiyarki mai ƙaunarki,
Tegwen