Shekarun Iƙama Ba Su Ne Shekarun Gwiwa Ba

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Gudu na ƙungiyarmu ta 'yan Nijeriya mazauna Riyad.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Sau biyu ina zuwa ofishinka a Utaiƙa ana ce mini ka fita, alhali ga takalminka a bakin ƙofa. Shi ya sa na rubuto a bainar jama'a.

Sunana Isyaku, direban babbar mota a unguwar Sulay. Shekara tara ban taɓa fashin gudun famfalakin da ƙungiya ke shiryawa duk lokacin sanyi ba, kilomita arba'in da biyu a bayan gari. Mun roƙi a buɗe rukunin dattawa da na mata. Juma'ar da ta wuce ka miƙe a taro ka ce ka duba rajista kaf, babu wanda ya haura hamsin da ya taɓa kai ƙarshe, mace kuwa ko ɗaya ba ta taɓa shiga ba, don haka babu buƙata. Wallahi raina ya ɓaci, kuma har yanzu bai huce ba.

Na ɗaya. Rajistarka daga iƙama ake kwafe ta, takardar zamanmu a ƙasar nan. Wane ne a cikinmu bai san yadda dillalan biza suke zaftare wa mutum shekaru tun daga gida don kafili, ubangidan da ke ɗaukar nauyin zamansa a nan, ya karɓe shi ba? Tawa iƙamar ta ce arba'in da bakwai. Shekaruna sittin da ɗaya, ina da jikoki shida. Sau tara ina kai ƙarshe, sau tara kuna rubuta ni cikin yara sa'annin ɗana.

Na biyu. Da ka taɓa tsayawa a layin ƙarshe maimakon zama cikin mota da na'urar sanyi, da ka ga abin da takarda ba ta nuna maka ba. Shekarun farko samari ne suka cika fili, su fyalla da gudu kamar an koro su, kafin rabin hanya sun zube a gefen titi. Yanzu samarin sun ragu, furfura ce ke ƙaruwa duk shekara. Ba mu kai su sauri ba, na yarda, amma mu ne masu ƙarasawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Na uku, maganar mata. 'Yan'uwanmu ma'aikatan jinya da ke gudu a cikin harabar gidajensu rana ɗaya da mu, wa ya ce a riƙa rubuta sakamakonsu da sunan mazajensu ko yayyensu? Kai ne, da bakinka, wai don sutura. Akwai wata baiwar Allah da ta gama gudun nan sau huɗu, takardun yabon duka da sunan mijinta, mutumin da ko hawa bene sai ya huta. Ka shafe su da hannunka, sannan ka dawo kana cewa ba ka gan su ba. Wannan rashin kunya ne, ranka ya daɗe.

Abin da ya sa nake gaggawa shi ne, kafilina ya buga mini bizar fita ta ƙarshe, wadda ba dawowa. Gudun bana shi ne na bankwana. Ina so in koma gida da takarda ɗaya tak mai ɗauke da shekaruna na gaskiya, in nuna wa jikokina. Shekara goma sha huɗun da dillali ya sace mini, ba zan bari kai ma ka binne su ba.

Buƙatuna: a buɗe rukunin dattawa kafin ranar gudu, a tambayi kowa shekarunsa na gida, a mayar wa matan nan sunayensu.

Ban faɗi abin da taka iƙamar ta ce ba, don kana da sauran zama a nan. Amma ka tuna garinmu ɗaya, kuma rana ɗaya wanzami ya yi mana kaciya. In ka nace takarda ce gaskiya, to kai matashi ne: ka ɗaura takalmi ka same ni a layi bayan sallar asuba, mu ga wanda gwiwarsa za ta gaskata iƙamarsa.

Allah ya shirye ka, ya ba ka tsufa mai albarka, da ƙarfin halin amsa shi.

Wassalam.

Isyaku Direba, Sulay.