Hotonka Ya Iso, Ka Yi Ƙiba

Zuwa ga ƙanena Isufu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki, ina zaman baƙunta? Yaya Rabi da yara? Mu nan Mayahi sai godiya.

An yanke wa Yaya Habu ƙafa a Tasawa. Ciwon sukari ne, irin wanda ya tafi da Baba. Ni ma an auna ni, an same shi.

Na tambayi lokotoron asibitin me ke jawo shi. Ya ce masu bincike sun bi mutane shekara da shekaru, abin da suke ta gani shi ne gado, tumbi da wuni zaune. Na ce, "Ai gidanmu ka faɗa kaf."

Wai in bar sukari. Baƙo ya zo kanti, a ɗora shayi zubi uku, in ce ba ni sha? Sai ya ce na rena shi. Na gwada, na kasa.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida mutanen gida.

Hotonka ya iso. Inna na ta yawo da shi gida-gida, tana murna ka yi ƙiba, ka samu hutu. Ni kuwa da na ga tumbin nan naka, na rasa bakin taya ta murna.

Yayanka,
Lawali