A Mayar wa Tanko Hagunsa

Yaya Kabiru,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Ya aiki, ya baƙunta, ya Anti Rabi da yara? Mu nan Koki lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Yaya, ashe Birnin Gishiri, garin da muka ƙirƙira ni da kai a soron gidanmu, Nura ɗan Kawu ka ba ya rubuta? Jiya ya zo kasuwar Kurmi yana karanta wa 'yan layinmu labarin a waya, ana ta cewa, "Kai, Nura akwai ƙwaƙwalwa!" Ina gefe ina ɗinkin jaka. Na san ya fi ni boko, amma wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Can na ji Tanko, maƙerin birnin, ya ɗaga guduma da hannun dama. Na ce, "Bahago ne fa." Nura ya ce, "Ina ruwan masu karatu?" Kai ka san don ni muka yi shi bahago, ranar da Baba ya buge mini hannun hagu a kwanon tuwo.

Nura ya riƙe sarauniyar birnin da ƙofofinsa, na haƙura. Amma don Allah ka kira shi, ya mayar wa Tanko hagunsa.

A sa mu a addu'a. Inna tana gaishe ku.

Ƙaninka,
Sani