Layun Iya 'Yardada

Zaitawa, 4 ga Satumba, 1979

Yaya Falmata,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da Malam Isyaku da yara. Bayan haka, ki zo ki ɗauke kakarki Iya 'Yardada kafin a ji muryata a Dala.

Kin san soja za su sauka, sabuwar majalisa na neman tafinta, ran ashirin za a gwada mu. Kin kuma san 'yan takardun nan nawa. Shekara huɗu ina tsintar karin maganar Turawa a jaridun ƙunshin tsire, ina rubuta kowacce da fassararta cikin ajami, don hannuna ya fi gudu a nan. Su "give up", su "once in a blue moon". Na sha hawa Goron Dutse da la'asar ina karanta wa shirwa su, ina ganina cikin farar riga, manya sun yi tsit sai na buɗe baki.

Jiya na tarar da gwangwanin da nake ajiye su wayam. Iya 'Yardada ta ga baƙin Larabci, ta ce addu'a ce ba ta zama a ƙasa, ta kai wa Garba baduku ya ɗinke su kaf. Laya bakwai, jar fata! Wai in rataya ranar gwaji. Turancin nawa, Yaya! Na sayi reza.

Ƙaninki,
Muttaka

Zariya, 10 ga Satumba

Muttaka sarkin zuciya,

Muna lafiya, yara na gaishe ka. Malam ya yi dariya har ya ƙware.

Ajiye rezar. Ka farke ɗinkin nan, zuciyar tsohuwa ka farke. Kai ba ka sani ba: duk asubar da kake bitar takardunka a soro, tana zaune bayan ƙyaure da carbi tana cewa amin. Da na zo sallah ta ce min Allah ya shirya Muttaka, ya kama wuridi, har ta rera min shi tiryan-tiryan, ashe Turancinka ne, na rasa inda zan sa fuskata. Matar da ta haddace izu goma da ka, ba allo? Je ka durƙusa.

Ka shafa min kanta.

Yayarka,
Falmata

Zaitawa, 19 ga Satumba

Yaya,

Gaisuwa. Na durƙusa. Na faɗa mata gaskiya, sai ta ce, "To ja'iri, su Turawan ba Allah ya yi musu baki ba? Zauna."

Kwana bakwai ke nan muna ƙarƙashin darbejiya. Ta lumshe ido ta ja baƙi, ni in kawo fassara. Jiya na tsallake guda, ta make ni da mafici.

Gobe ne. Rigar na kan igiya, layun na wuyana. Ta ce in na shiga kar in yi sauri, tana nan tana amin.

Naki,
Muttaka