Mahaifiyata ta ƙi cewa ni ɗanta ne a ofishin shige da fice

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Admin a taimaka a ɓoye sunana, akwai 'yan unguwarmu a nan, kuma maganar ta shafi mahaifiyata. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle, na yi tunani har na gaji da tunanin.

Ni malamin makaranta ne a Daura, ina zaune da iyalina a wata unguwa da ba ta da nisa da rijiyar Kusugu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mutumin Sandamu ne, mahaifiyata kuma 'yar Nijar ce, daga wani ƙauye a ƙasar Matamaye. Wanda ya san yankinmu ya san wannan ba abin labari ba ne, gidaje da yawa haka suke, a ɗaura aure a can a kawo amarya nan, babu mai tambayar takarda. Ni ne ɗanta na fari. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata ta wajen uba, Hajiya, ita nake kira Inna, mahaifiyata kuwa na tashi ina ce mata Yaya, domin da sunan na ji yaran gidan suna kiranta. Ina ƙarami suka rabu da mahaifina, ta koma garinsu ta yi wani aure, ni na zauna a Sandamu. Duk sallah ana kai ni gaishe ta, in durƙusa, ta juya kai gefe ta tambayi wanda ya rako ni ko yaron Hajiya yana karatu. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa haɗa ido da ni ba, sai dai in za mu tafi in tarar an cika mini jaka da gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, tata kuma ta fi ta kowa tsanani. Ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba, da na girma ma har tsokanarta nake yi, in ce Yaya yau dai a kira sunana ko sau ɗaya a huta, ta ja mayafi ta rufe baki ta bar wurin.

Mijinta ya rasu, ciwon suga ya kama ta, idonta ya fara yin hazo, kuma babu kowa nata a can sai dangin miji da su ma ta kansu suke yi. Na je na ɗauko ta, muka shigo ta bodar Kwangwalam kamar yadda muka saba shigowa tun ina yaro. Matata, Allah ya saka mata, ta riƙe ta kamar uwarta, ita ke auna mata suga, ita ke hana ta shan fura da zuma, su yi ta ja-in-ja suna dariya. Ni kuwa a gidana sunana ya koma mai gidan nan. In tana son wani abu daga gare ni sai ta ce wa matata a faɗa wa mai gidan nan, ko da ina zaune a tabarma ɗaya da su. Duk da haka ban taɓa jin daɗin rayuwa irin na wannan zaman ba, in dawo daga makaranta in ji tarinta a ɗaki in san tana nan.

Matsalar ta fara ne ranar da za mu je Katsina ganin likitan ido. A wani shingen jami'ai aka ce kowa ya nuna katin shaida, ita ta ciro nata na Nijar daga lalitarta ta miƙa. Aka tambayi takardar izinin zama, na ce wace iri, uwata ce. Aka sauke mu, motar ta tafi ta bar mu, tsohuwa mai suga tana zaune a benci cikin rana har layin likita ya wuce mu. Ban ga laifinsu ba, aikinsu suke yi, babbansu ma ya ja ni gefe ya ce Malam, tun da aka rufe boda aka buɗe, kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashen yankin nan, abubuwa ba kamar da suke ba, ka je ka nema mata takardar zama ta dindindin tun kafin wata rana a mayar da ita ba ka nan. Tun daga ranar ko asibitin cikin gari za mu je a tsorace nake fita da ita.

Na nemi wani abokina lauya, ya ce a iya saninsa hanyar da ta fi dacewa ita ce in nema mata zama a matsayin tsohuwar uwa da ke ƙarƙashin kulawar ɗanta ɗan ƙasa. Ni kam takarduna cikakku ne. Abin da ya rage shi ne a tabbatar ita ce ta haife ni, kuma a gida aka haife ni, babu takardar haihuwa ta asibiti, sai dai shaidu da rantsuwa da kuma bayanin bakinta. Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Wallahi ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa a nan za mu maƙale.

Muka je ofishin shige da fice ni da ita da matata. Jami'in da muka samu mutumin kirki ne, ba ɗan yankinmu ba ne amma yana jin Hausa, ya ba ta kujera har ya sa aka kawo mata ruwa. Kuskuren farko nawa ne, na ce Yaya zauna a nan. Ya ɗaga kai ya ce, yayarka ce ko mahaifiyarka? Na fara bayani, ya ce bari ya ji daga bakinta. Ya ce, Mama, wannan ɗanki ne? Ta sunkuyar da kai. Ya sake tambaya a hankali, sai ta ce, ɗan Hajiya ne. Ya ce to sunansa fa? Ta ce a tambayi matarsa. Matata ta dafa ta tana cewa Yaya ki faɗa mana, ba komai, ita kuwa ta ƙara jan mayafi. Mutumin ya ajiye biro ya ce ya san akwai irin wannan al'ada, kuma shi a ransa ya yarda da ni, amma ba zai rubuta uwa ba alhali mai maganar ta ce ɗan wata ne, ni kuma na kira ta yaya a gabansa. Ya ce mu je mu shirya, in ta amince za ta faɗa da bakinta ta yi rantsuwa a kotu, mu dawo.

A hanyar gida na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga mata murya. Na ce kunya ba addini ba ce, kalma ɗaya ce aka nema, shekara da shekaru ina haƙuri da yaron Hajiya da mai gidan nan, yau da zamanta a gidana ya rataya a kan kalmar nan ma ba za ta faɗa ba. Ranar ba ta ci abinci ba, ni ma ban ci ba. Na turo malamin unguwarmu ya yi mata nasiha, ta saurare shi da ladabi, ta yi masa godiya, ta ce Allah ya ba da lada, shi ke nan. Na kawo maganar gwajin jini da lauya ya ambata, ta ce wa matata ita ba za a zuƙi jininta a kai wa baƙi su duba abin da Allah ya riga ya sani ba.

Sai Baffana ya shigo maganar, ƙanin mahaifina, dillalin shanu ne a Sandamu, mutum ne da bai yarda akwai ƙofar da ba ta buɗuwa ba. Ya zo da hanyoyi biyu. Ta farko, ya ce a daina wahalar da tsohuwa, a nema mata takardar 'yar asalin ƙaramar hukuma kawai, a rubuta ta a matsayin ƙanwarsu, wato gwaggona, shi zai tsaya shaida ni in sa hannu a matsayin ɗan wanta, daga nan ta yi katin ɗan ƙasa kamar kowa. Ya ce wa zai bincika, Hausarta ɗaya da tamu, kamanninta ɗaya da namu. Ta biyu kuma da wasa ya fara ta, irin wasan ƙanin miji, ya ce ai dama matarsa ce tun tana amarya, in an ga dama a ɗaura musu aure ta zama matar ɗan Nijeriya. Da na gaya wa lauya sai ya ce wannan ba wasa ba ne, matar ɗan ƙasa tana da hanya a doka wadda ta fi tawa ma ƙarfi, in dai auren gaskiya ne. Baffa ya ce shi da gaske a shirye yake.

Yaya ta ce aure ba abin takarda ba ne, in an ɗaura to dole ta tare a gidan mijinta ta yi zaman aure, ba za ta zauna a gidan wani tana amsa sunan matar wani ba. Ke nan ta bar gidana ta koma Sandamu, ta bar mai auna mata suga, ta koma tsakar gidan da ta fita daga ciki tana yarinya. Ita ba ta so, ni ma ba na so, dalilin neman takardar ma ai don ta zauna kusa da ni ne. Hanyar gwaggo kuwa ko gardama ba ta yi ba, ta ce a rubuta duk abin da za a rubuta. Wannan ya fi komai yi mini ciwo. Ni ma'aikacin gwamnati ne, in aka gano takardar ƙarya aikina ya tafi, ita kuma a mayar da ita da laifi a kanta. Amma ko babu wannan, ta yaya zan ɗaga hannu in rantse cewa matar da ta haife ni ba uwata ba ce? Ita kunya ta hana ta faɗa, ni kuma ƙarya ce zan yi da gangan.

Jiya matata ta zaunar da ni ta gaya mini abin da ban sani ba. Na san Yaya ta yi haihuwa a gidan mijinta na biyu kuma yaran ba su rayu ba, amma ba a taɓa zama an yi mini maganar ba. Ashe Yaya ta ce wa matata waɗancan ba ta yi musu kunya ba, ta goya su, ta kira sunansu, ta ce nata ne a gaban kowa, kuma duk ta ga an ɗauke su an fita da su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "'Yar nan, wanda ban taɓa cewa nawa ba ne shi kaɗai Allah ya bar mini. Yanzu da tsufana za a ce in je gaban hukuma in faɗa da ƙarfi? Gara in koma in mutu a can, shi yana raye."

Na san camfi ne, na san rai da ajali na Allah ne, ita ma in an tambaye ta haka za ta ce. Amma wa zai iya zama gaban matar da ta binne 'ya'yanta ya yi mata wa'azi a kan wannan? Ni dai ban iya ba. Na shiga ɗakinta don in ba ta haƙurin ɗaga muryar da na yi, na durƙusa, ita kuwa ta juya kai bango kamar kullum. Na tarar ta ninke kayanta ta ɗaure a zane. Ta ce wa matata ranar kasuwar Mai'aduwa mutanen ƙauyensu suna zuwa, za ta bi motarsu, kada mai gidan nan ya rasa aikinsa saboda ita.

To 'yan uwa, ga inda nake. In matsa mata ta faɗi abin da take ganin zai kashe ni, ko in rantse a kan ƙarya in mayar da ita gwaggo, ko in bar ta ta auri Baffa ba da son ranta ba, ko in ci gaba da ɓoye ta a gida babu takarda, duk fita asibiti muna addu'ar kada a tsayar da mota? Masana doka na zauren nan, akwai hanyar da shaidar Baffa da ta mai unguwa da ta dattawan da suka halarci sunana za ta wadatar ba sai ta buɗe baki ba? Wanda ya taɓa nema wa uwarsa ko matarsa 'yar Nijar irin wannan takarda, wace hanya ya bi? Iyaye mata da ke nan, musamman waɗanda suka san kunyar ɗan fari, da wace magana ake shawo kan irin wannan zuciya?

Ranar kasuwar ta kusa, kuma in ta hau motar nan na san idon ba zai kai baɗi ba, babu mai kai ta asibiti a can. Zan iya tare ƙofa in hana ta fita, amma ban san me zan ce mata ba in ta tsaya. Don girman Allah ku faɗa mini abin da zan yi.