Muryar Baba a cikin waya

Daren Laraba, Funtua

Alhamdulillahi, yau kam zan yi barci. Tun jiya hankalina yake a tashe, da na ji a rediyo shugaban kamfanin da ya ƙera wayata zai sauka, kuma sababbin wayoyi na nan tafe. Malama Binta ta ƙara tsorata ni a makaranta, wai da sababbi sun fito za a kashe tsofaffin wayoyi daga can kamfanin. Ni ba wayar ce ta dame ni ba, saƙonnin muryar marigayi Baba ne a ciki.

Ana tashi na nufi shagon Emeka mai gyaran waya. Dariya ya yi. "Haba Malama, wa ya gaya miki? Ba mai kashe ta." Duk da haka na sa ya kwafe min su a memori. Ya kunna ɗaya don gwaji, sai ga Baba: "Hadiza, an yi ruwa a Mahuta, gobe za mu shuka masara." 

Rediyo na ta yabon abin da shugaban kamfanin ya bar wa duniya. Allah ya amfana. Ni dai nawa gadon na nan ƙulle a bakin zanina.