Sunan da ke Jikin Allon Shago

Briqueterie, Talata, 6 ga Mayu

Zuwa ga Zaitun, 'yar ƙanena,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da maigidanki da yara. Na yi sallamar ne don addini ya ce a yi, ba don raina yana so ba.

Takarda na rubuto, don in na kira ki a waya bakina zai faɗi abin da zan yi nadama. Saliha maƙwabciyarmu, wadda kike koyarwa tare da surukata Mu'mina, ta ba ni labarin abin da kika yi ranar Asabar. Kin tsayar da matar ɗana a gaban mata ashirin, kin sa ta ambaci sunan Malam, mahaifin mijinta, da babbar murya. Shekara arba'in da ɗaya na zauna da Malam har Allah ya karɓi abinsa, sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Ke kuwa cikin minti biyar kin zaro shi daga bakin yarinya, wai darasin Ingilishi.

Na san a Bamenda kika tashi, amma ba can aka yanke miki cibiya ba. Mu'mina ba za ta dawo ajinki ba.

Wassalam,
Gwaggonki, Hansai

Tsinga, Alhamis, 8 ga Mayu

Gwaggo Hansai,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan ciwon gwiwa ya yi sauƙi.

Da kin tambaye ni kafin ki yanke hukunci. Darasin sunaye muke yi. A Ingilishi suna iri-iri ne: akwai gama-gari kamar tela ko shago, akwai na tari kamar garke, akwai na abin da ba a gani ba a taɓawa kamar haƙuri, wanda na lura ya yi ƙaranci a gidanku. Sai kuma sunan yanka na mutum ko na gari, da ake farawa da babban baƙi. Matan nan kullum sai sun cakuɗa gama-gari da na yanka. Shi ya sa na bi titi tun daga wajen masu suya har bakin unguwar Ekoudou ina kwafe allunan shaguna a 'yan takardu. Na zuba su a kwano, kowacce ta ɗauki ɗaya, ta karanta, ta ware. Mu'mina ta ɗauko ta shagon yadinku, "Ilyas et Fils", wato Ilyas da 'Ya'yansa da Faransanci. Ba ni na rubuta allon ba, Gwaggo. Shekara talatin yana rataye, duk mai wucewa yana karantawa.

Saura sati huɗu jarrabawar BEPC, ta kammala ƙaramar sakandare. In ba ta samu takardar nan ba, babu makarantar koyon aikin jinya, shekara biyu na wahala sun tafi a banza. Mai duba jarrabawa bai san alkunya ba. In kika kulle ta a gida saboda kalma ɗaya, hakkinta yana wuyanki.

Na bar ki lafiya,
Zaitun

Briqueterie, Asabar, 10 ga Mayu

Zaitun,

Sallama. Gwiwa na nan yadda take, ba ta nemi gaisuwarki ba.

Har kin iya rubuto min sunan a takarda, don in san kin isa. To ki buɗe kunne. Wa ya ce miki ni na hana ta? Wa yake goya mata yara duk Laraba da Asabar? Wa ya yi faɗa da ɗana Taufiƙ sati guda kafin ya bar ta ta shiga ajin naki? Ni ce, da wannan gwiwar.

Ita da kanta ta ce ba za ta koma ba. Ko bakin famfo ba ta zuwa, don matan layi sun fara ce mata mai kiran suruki da suna. Tana ganina sai ta sunkuyar da kai ta shige ɗaki, yarinyar da da muke tsinke zogale tare muna hira.

Kuma kin ɓoye rabin zancen. Saliha ta ce Mu'mina ta matso kusa da ke, ta roƙe ki a hankali da Faransanci ki canza mata takarda. Kika ɗaga murya kika ce doka doka ce, wadda ba ta karanta ba sifiri za ta ci. Kin san abin da ke ciki, kina so ne ki nuna mana wayewa. Ki zo gida ki ba ta haƙuri a gaban matan da suka yi mata dariya.

Hansai

Tsinga, Litinin, 12 ga Mayu

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Gaskiya ne, ta roƙe ni, na ƙi. Na ɗauka in na sassauta wa 'yar gida za a ce ina son kai. Da ta karanta sunan na gane na wuce gona da iri, amma aji ya zuba min ido, na kasa ja da baya. Abin yana damuna.

Sai dai ba zan durƙusa a tsakar gidanku ɗalibaina suna kallo ba. In na yi haka, ajin ya mutu, su ma sauran matan sun yi asara. Ga littafin darasi na ba Saliha, na ja layi a ƙarƙashin duk abin da ake yawan tambaya. Mu'mina ta karanta a ɗaki.

'Yarki,
Zaitun

Briqueterie, Laraba, 14 ga Mayu

Zaitun,

Sallama. Ga littafinki, ba a ɗaki za ta ci jarrabawa ba.

Tunda kin kasa, ni na yi. Jiya da hantsi na tara matan layi a tsakar gida, na fito da Mu'mina, na riƙe hannunta, na faɗi sunan Malam sau uku kowa yana ji. Na ce duk mai dariya ta fara da ni. Babu wadda ta ɗaga ido. Bayan sun watse na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarsa.

Za ta zo aji ranar Asabar. Ki koya mata da kyau. Gidana kuma kada ki ƙara taka shi.

Wassalam,
Hansai